Na Haura Sittin, Ko Zan Iya Koyon Ba Da Labari Da Baki?

Tambayar ta zo daga wata malama da ta ajiye alli bayan shekara 35 tana koyarwa. Ta ce yanzu shekarunta 62, kuma ta daɗe tana sha'awar iya ba da labari da baki, irin wanda in aka fara kowa sai ya yi tsit. Ta samo wata tatsuniya a littafi, ta kwana uku tana bitarta har ta haddace, sannan ta tara jikokinta. Tana kaiwa tsakiya sai jimla ɗaya ta ɓace mata, komai ya tsaya cik. Kafin ta lalubo ta, ƙaramin ya sulale, babbar ta jawo waya. "An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji ta. "Anya lokaci bai wuce ni ba? In kuma bai wuce ba, ta ina zan fara, ga ƙwaƙwalwar ba kamar da ba?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya sanya albarka a hutun da kika samu. Lokaci bai wuce ki ba, kuma ba don in faranta miki rai na faɗa ba. Na daɗe ina zama da manya masu koyon wannan fasaha, kuma waɗanda suka fi saurin kamawa galibi masu furfura ne. Abin da ya same ki a daren nan ma ba laifin ƙwaƙwalwarki ba ne, hanyar da kika bi ce ta yashe ki. Hadda kamar carbi take, zare ɗaya ne ke riƙe da komai. Ya tsinke a wuri guda, duwatsun sun watse ke nan. Da yarinya 'yar shekara ashirin ce ta bi wannan hanya, ita ma haka za ta tsaya.

Masu ba da labari na gaske ba kalmomi suke ɗauke da su a kai ba, kuma an daɗe da tabbatar da haka. Tsakanin 1933 da 1935 wani malamin jami'ar Harvard mai suna Milman Parry ya yi ta zuwa tsohuwar Yugoslabiya, daga baya tare da ɗalibinsa Albert Lord, suna naɗar muryoyin mawaƙan da ke rera dogayen labaran jarumai da gogensu mai tsirkiya ɗaya. Mafi yawansu ba su iya karatu ba. In an tambaye su sai su rantse cewa kalma da kalma suke maimaita abin da suka ji. Amma da aka naɗi waƙa ɗaya sau biyu daga bakin mutum ɗaya, aka jera su, sai aka ga labarin yana nan daram, kalmomin kuwa sun sauya. Akwai wani dattijo a cikinsu, Avdo Međedović, wanda ya rera labari ɗaya mai layi sama da 12,000. Wata rana Parry ya zaunar da shi ya saurari wani mawaƙi yana rera labarin da Avdo bai taɓa ji ba, mai layi 2,294. Da aka gama aka ce masa ko zai iya. Ya ɗauki gogensa ya mayar da labarin nan a layi 6,313. Ji ɗaya ya yi masa. Abin da ya ɗauka shi ne hanyar labarin, wa ya tashi daga ina, ya gamu da wa, me ya faru, sauran kuwa ya tufatar da shi daga taskar maganar da ya tara a rayuwarsa.

Gaskiya ɗaya dai, waɗannan mawaƙa tun suna yara suka fara, kuma shirya magana a kan ma'aunin waƙa nan take abu ne da ke son a taso da shi. Da wannan kike nema, da na ce miki hawan yana da tsayi. Amma ke labari kike so ki bayar da maganar yau da kullum, wadda kika shekara sittin kina sarrafawa. Taskar da Avdo ya ɗiba, kina da irinta.

Akwai wani dattijo da ya taɓa zuwa wurina, ya yi aikin lissafin kuɗi har ya yi ritaya. Ya zo da labarinsa a rubuce, shafi huɗu, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wuraren da zai ɗaga murya. Ya fara, idonsa a sama yana laluben layi na gaba, muryarsa a bushe kamar mai karanta sanarwa. Na karɓi takardar na kife ta. Na ce masa, "Baba, bar wannan tukuna. Na ga kana ɗingishi, me ya sami ƙafar?" Sai ga mutum ya gyara zama. Ya ba ni labarin yadda ya hau tsani zai gyara kwan lantarki, matarsa tana ƙasa tana cewa ya bari yaro ya zo, shi kuma yana cewa shi ma ai yaro ne. Ya kwaikwayi muryarta, ya nuna da hannu yadda tsanin ya karkata, ya yi shiru daidai inda ya kamata, sannan ya ce "tim!" Duk wanda ke ɗakin sai da ya dafe ƙirji. Na tambaye shi yaushe ya haddace wannan. Ya dube ni, ya ce ai ba a haddace abin da aka gani. To aikin ke nan gaba ɗaya, Malama: ki mayar da tatsuniyar abin da kika gani.

Ga yadda ake yi. Ki karanta labarin ko ki saurare shi sau biyu ko uku, ki rufe littafin, ki raba shi zango-zango kamar tafiya. Kada zangon su wuce bakwai. Bari in ƙirƙiro wani ɗan labari don ki ga misali. Marainiya ce uwarta ta bar mata allura guda. Kishiyar uwa ta jefa allurar a kogi. Yarinyar ta bi kogin, ta tarar da masunci yana ɗinkin taru, ta taya shi, ya nuna mata gaba. Ta tarar da kada da ƙaya a dasashi, ta cire masa, ya haye da ita. Ta tarar da wata tsohuwa makauniya tana ta ƙoƙarin zura zare a allura, kuma allurar tata ce. Ta zura mata zaren maimakon ta ƙwace. Tsohuwar ta ɗinka mata rigar da duk wanda ya sa ba ya iya ƙarya a gabanta, ta koma gida. Kin ga zango bakwai, kuma ina da tabbacin in kika ɗauke ido daga nan yanzu za ki iya jero su. Ƙashin labarin ke nan. Shi kaɗai za ki riƙe.

Tsokar kuwa daga gani take fitowa, kuma a nan nake so ki fi daɗewa. Ki zauna ke kaɗai, ki lumshe ido, ki shiga zango na farko ki tsaya a ciki. Ɗakin marainiyar nan, ta ina haske yake shigowa? A ina take ɓoye allurar? Ni a nawa ganin, a bakin zanenta take soke ta, kuma duk dare sai ta shafa ta ji tana nan kafin barci ya ɗauke ta. Ke wataƙila wani wuri za ki gani, kuma naki ne daidai a bakinki. Kadan nan, idonsa wane iri ne? Numfashinsa da ta sa hannu a bakinsa, da ɗumi ko da sanyi? Ruwan ya kai mata ina? Ba duk abin da kika gani za ki faɗa ba. Kashi ɗaya cikin goma ma ya isa. Amma sauran taran da kika yi shiru a kansu, su ne ke sa muryarki ta yi nauyin wadda ta je wurin, kuma mai sauraro yana jin wannan nauyin ko yaro ne. A kowane zango ki nemi abu guda da za a iya taɓawa ko a ji ƙamshinsa ko ƙararsa. Guda ɗaya tak. In kika ce yarinyar tana baƙin ciki, an ji an wuce. In kika ce ta kai hannu bakin zanenta ta shafa, ta sake shafawa, ba komai, to a nan ne jikarki za ta ɗago kai.

Akwai 'yan abubuwan da lalle a haddace su, amma ba su da yawa: mabuɗi, da 'yar waƙa ko amshin da ke dawowa a cikin labarin, da jimlar ƙarshe. Mabuɗi irin su "ga ta nan, ga ta nanku" ba ado ba ne. Kina faɗa, ana amsa miki da "ta zo mu ji ta," an ƙulla alkawari ke nan tsakaninki da masu sauraro, kuma a cikin wannan ɗan lokacin numfashinki yake daidaita. Jimlar ƙarshe kuma ki san ta kamar sunanki, domin masu koyo da yawa suna kai labari har bakin ƙofa sannan su rasa yadda za su fita, su yi ta kewaye har daɗin ya tsiyaye.

Game da ƙwaƙwalwa, bari in raba miki abin da shekaru ke ragewa da abin da ba sa taɓawa. Suna rage saurin cafko suna, shi ya sa sunan mutum zai tsaya miki a kan harshe ya ƙi fitowa. Suna rage yawan sabon abin da za a riƙe a lokaci guda. Amma yawan kalmomin da mutum ya sani da fahimtar halin mutane ba sa raguwa da wuri, sau da yawa ma ƙaruwa suke yi har cikin shekarun sittin. To tatsuniya kusan ba ta buƙatar abin da ya ragu, abin da ya ƙaru take nema. Sunayen da ke cikinta kaɗan ne, yawancin mutanenta ma da siffa ake kiransu: masunci, tsohuwa, auta, sarki. Yadda ake bitar kuma yana da muhimmanci. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka sa su yi ta tuno shi da ka. Bayan mako guda, masu maimaita karatun sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu tunowa da ka suka tuna kashi 61. Kwana ukun da kika yi ido a kan littafi, da kin yi su kina faɗar labarin da baki littafin yana rufe, da sakamakon ya bambanta. Ki faɗe shi kina shara, ki faɗe shi kina tafiya, sau ɗaya da safe, sau ɗaya kafin barci, ki bar kwana ya ratsa tsakani. In kin kakare, ki yi ƙoƙarin tunowa tukuna kafin ki leƙa.

Sai dai akwai wata ɓarna da ƙwaƙwalwa ke yi a ɓoye, wadda ya kamata ki sa wa ido. Frederic Bartlett na jami'ar Cambridge ya bayyana ta a 1932. Ya ba Turawan Ingila wata tatsuniya ta 'yan asalin Arewacin Amurka, ya riƙa sa su maimaita ta bayan kwanaki da watanni. Kowane maimaici sai labarin ya ƙara gajarta, kuma abubuwan da suka yi musu baƙunta su ne suka fara zubewa ko suka rikiɗe suka koma abin da suka saba da shi. Haka zai faru da ke. Abin mamakin da ke cikin tatsuniya, wanda hankali bai kama dalilinsa ba, shi ne ƙwaƙwalwa za ta so ta goge, alhali sau da yawa shi ne ran labarin. Me ya sa allurar da aka jefa a kogi ta je hannun makauniya? Ba a sani ba, kuma kada ki nemo mata dalili. Bayan kin ba da labari sau biyar ko shida, ki koma tushensa ki duba abin da kika zubar a hanya.

Wani masani ɗan ƙasar Denmark, Axel Olrik, ya fitar da wasu ƙa'idoji a 1909 bayan ya nazarci labaran baka masu yawa, kuma duk wanda ya taɓa sauraron tatsuniya zai gane su. Abu yakan faru sau uku, na ukun ne ke da nauyi. Mutum biyu ne ke magana a fage ɗaya, in akwai na uku sai ya yi shiru. Labari zare ɗaya yake bi, ba ya tsalle ya koma baya. Ba a fara shi da hargitsi, ba a kuma datse shi kwatsam. Dalilin duk wannan shi ne kunne ba ya iya komawa shafin baya. Na kawo wannan ne saboda masu ilimin boko suna da wata ɗabi'a: in suka ga maimaici sai su ji kamar ɓata lokaci ne, su ce "haka dai ta yi da kada, haka ta yi da tsohuwa," su wuce. Kada ki yi haka. Gaisuwar da yarinyar ta yi wa masunci, ki maimaita ta ga kada da kalmominta, ki sake maimaita ta ga tsohuwa. A karo na biyu yara za su gane ta, a karo na uku za su riga ki faɗa. Ranar da suka riga ki faɗa, sun shiga hannu. Maimaicin kuma hutu ne gare ki, bakinki yana faɗar abin da ya sani, idon zuciyarki yana hango zango na gaba.

Yanzu bari in taɓo abin da na fi jin tsoro a kanki, kuma ki gafarce ni, don na san daga ƙauna yake fitowa. Shekara 35 kina bayani. Aikin malami ne ya tabbatar an gane, ya tsaya ya yi tambaya, ya fito da darasi a fili. Wannan hali mai kyau ne a aji, amma yana kashe labari. Da zarar kin tsaya kin ce, "To kun ga amfanin taimakon mutane ko?" yaran za su ji ƙamshin makaranta, su janye. Yarinyar ta zura wa makauniya zare alhali tana iya fizge allurarta ta gudu. Yaro ɗan shekara shida ya ga wannan, ya kuma auna shi a ransa fiye da yadda za ki fassara masa. Ki bar shi da abinsa. Wataƙila sai bayan kwana biyu zai zo ya tambaye ki me ya sa ba ta gudu ba, kuma ko a lokacin gara ki ce, "Kai me ka gani?" Haka nan kada ki yi musu jarrabawa bayan an gama. In aka ce ƙurunƙus, an gama ke nan. Amma fa shekarun ajin nan sun ba ki abin da wasu ke shan wuya kafin su samu: kin san yadda ake tsayawa gaban idanu talatin ba tare da gwiwa ta yi sanyi ba, kuma kina gane lokacin da hankalin yaro ya tashi tun kafin jikinsa ya motsa.

Wannan ganewar ita ce rabin sana'ar. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma labarin baka a fuskar mai sauraro ake gyara shi. Madubi ba zai koya miki ba, don madubi ba ya gundura. Ki nemi mutum ɗaya mai rai, ƙawa ko 'yar'uwa ko jika guda, ki ce a ba ki minti biyar. Kina faɗa kina kallo. Yaron da ke kaɗa ƙafa, in labari ya kama shi ƙafar za ta tsaya, baki ya ɗan buɗe. Babba kuma zai daina gyaɗa kai na ladabi, ya yi shiru na gaske. Inda kika ga haka, ki daɗe a wurin, gobe ma ki ƙara masa. Inda ido ya fara yawo, ki taƙaita. Ni ban ɗauki labari a matsayin nawa ba sai na ba da shi wajen sau ashirin ga mutane daban-daban, kuma na ashirin ɗin yakan yi nisa da na farko har in yi mamaki. Saboda haka kada ki tara labarai da yawa. Uku sun ishe ki shekarar farko, gajeru, waɗanda ke kanki kike so. Labarin da ba ya motsa ki, ko an ce yana da darasi, ki bar shi.

Murya ba sai ta yi ƙarfi ba. Da shekaru, tantanin murya yakan yi siriri, huhu kuma ba ya ɗaukar iska kamar da, don haka jimla doguwa za ta iya ƙare miki a tsakiya. Maganinsa gajerun jimloli, wanda dama shi kunne ya fi so. Ki zauna a miƙe, ki ja numfashi har ki ji cikinki ya taso, ba kafaɗa ba. Ki ajiye ruwa kusa. Ki yi 'yar guna a hankali na minti biyu kafin ki fara, don murya ta warware. Raɗa mai tsawo tana gajiyar da maƙogwaro fiye da yadda ake zato, gara ki sassauta murya kawai. In kuma dishewa ta wuce mako uku ba ta tafi ba, wannan maganar likita ce.

Ba kya buƙatar iya kwaikwayon muryoyi goma. A Japan akwai masu ba da labari na salon rakugo, mutum ɗaya ne zaune a kan matashi, ba abin da ke hannunsa sai mafici da ɗan ƙyalle, amma zai kawo miki hirar mutum uku ko huɗu ba ki rikice ba. Babbar dabararsa juya kai ce: in wannan ke magana ya dubi dama kaɗan, in wancan ne ya dubi hagu. Ki ari wannan. Yarinya in tana magana da kada ta dubi ƙasa, in da masunci ne ta ɗaga kai. Ki ɗan rage gudu ga tsohuwa, ki ɗan yi kauri ga kada, ya wadatar. Sannan ki yi amfani da dukiyar da harshe ya ba ki kyauta, kalmomin nan da ke zana abu da sautinsu. Allura ta faɗa ruwa tsulum. Kadan nan ya buɗe baki wangwam. Yarinya ta yi wuf ta janye hannu. Littafi yakan zubar da irin waɗannan, shi ya sa tatsuniyar da aka ɗauko daga takarda take zuwa a bushe, sai an mayar mata da ruwanta.

Shiru kuma, ki daina jin tsoronsa. Shirun da ya firgita ki a daren nan, a wurinki ya yi kamar shekara, a wurin yaran bai fi numfashi uku ba. Abin da ya kore su shi ne ganin kin fita daga labarin, idonki ya koma neman layi. Da kin tsaya a cikinsa, fuskarki tana kallon kogin, da sun jira ki. In hakan ta sake faruwa, kuma za ta faru, don tana faruwa ga kowa, ki maimaita jimlar da kika faɗa ta ƙarshe a hankali. Ko ki dubi wurin da kike a labarin ki faɗi abin da kike gani, ruwa ne, duhu ya fara, sauro na kuka, hanya za ta buɗe. Ko ki juya ga yaran ki ce, "Ku kuwa me kuke jin ta tarar a gaba?" In kuma kin tsallake wani abu mai muhimmanci, ba sai kin ce kin yi mantuwa ba. Ki ce, "Ashe akwai abin da ban gaya muku ba," ki saka shi a nan. Sau da yawa ma ya fi daɗi a wurin.

Kada ki tsaya a tatsuniya kaɗai. Kina da abin da matashi ba shi da shi, wato shekara sittin na abubuwan da suka faru a gabanki. Ranarki ta farko a gaban aji, yaron da kowa ya fid da rai da shi, daren da aka haifi uban waɗannan jikokin. Su ma zango-zango ake raba su, kuma ƙa'idar ɗaya ce, rana ɗaya, wuri ɗaya, abu ɗaya da ya sauya. Wanda ya ce zai ba da tarihin rayuwarsa duka a zama guda, ba wanda zai kai ƙarshe da shi. Sai dai a kula da amana. In labarin ya ƙunshi sirrin wani ko abin kunyarsa, ko a nemi izninsa, ko a sauya kamanninsa yadda ba mai gane shi, ko a haƙura. Haka in kika ji labari a bakin wani mai ba da labari, in tatsuniyar gargajiya ce ta kowa ce, amma kyakkyawan ladabi ne ki ce daga wurin wance na ji. In kuwa labarin rayuwarsa ne, nasa ne.

Kuma ki saurara da yawa. Lord ya lura cewa matakin farko na kowane mawaƙin da ya nazarta zama ne kawai a gefe ana ji. In akwai wadda ta girme ki da ke da labarai a ka, ki je ki zauna, ki nemi izni ki naɗa a waya, wannan kada ki jinkirta shi. Ji na farko ki bar labarin ya ɗauke ki. Ji na biyu ki lura da inda ta yi shiru, inda ta yi sauri, da abin da hannunta ke yi.

Ba ke ce farkon malamar da ta bi wannan hanya ba. Marie Shedlock, wadda aka haifa a 1854, ta shekara da shekaru tana koyarwa a makaranta a Ingila kafin ta mayar da ba da labari sana'arta. Tana da shekara 46 ta tafi Amurka a 1900, kuma zagayen da ta yi a can yana cikin abin da ya sa ɗakunan karatu suka ɗauki lokacin ba yara labari da muhimmanci. Dorothea Viehmann, matar wani tela a Jamus, ta haura 55 lokacin da 'yan'uwan nan biyu masu tattara tatsuniyoyi, Jacob da Wilhelm Grimm, suka same ta a 1813, suka rubuta labarai kusan arba'in daga bakinta. Peig Sayers ta ƙasar Ireland tana da kimanin shekara 65 lokacin da wani mai tattara tatsuniyoyi ya fara rubuta labaranta a 1938, har ya tara wajen 350. Biyun ƙarshen tun ƙuruciya suka ji labaransu, amma sai da suka manyanta aka zo aka zauna a gabansu, kuma ban ɗauki wannan a matsayin katari ba. Mutane sun fi sakin jiki su saurari wanda fuskarsa ta nuna ya ga duniya.

Jikokin naki kuwa, kada ki yi gasa da waya, kuma kada ki sa dokar a ajiye ta, don labarin zai koma horo. Ki fara da ƙaramin shi kaɗai, lokacin kwanciya, fitila a rage. Minti huɗu ko biyar, kada ki wuce. Ki koma kan waccan tatsuniyar da ta tsinke miki, ita dai, don kin riga kin san hanyarta fiye da yadda kike zato. Yau ki rufe littafin ki fitar da zangonta a 'yar takarda, kalma biyu-biyu. Gobe da jibi ki faɗe ta da baki ke kaɗai. Ranar ta huɗu ki bar takardar a wani ɗaki ki je wurinsa. Babbar kuma kada ki kira ta, ki dai bar ƙofar a buɗe yadda muryarki za ta kai inda take zaune.